Furotin ɗin huhu a cikin jini: nazarin lamarin masu gazawar zuciya 53 a Adelaide

Mai fama da gazawar zuciya ba kasafai yake zuwa asibiti da kukan zuciyarsa ba, da kukan numfashi yake zuwa. Zai gaya wa likita cewa tafiyar da a da yake yi ba tare da ya san ya yi ta ba, yanzu sai ya tsaya sau biyu a hanya. Cewa ba ya iya kwanciya sai ya tokare bayansa da matashin kai uku. Cewa cikin dare yakan farka a firgice yana neman iska, har sai ya tashi zaune a bakin gado ya sauke ƙafafunsa ƙasa. Likita ya ɗora abin sauraro a bayansa, ya ji wata 'yar ƙara a ƙasan huhu kamar ana murza gashi tsakanin yatsu biyu a kusa da kunne, ya danna ƙaurinsa ya ga wurin ya lotsa, sai ya ƙara masa maganin sa fitsari. Bayan 'yan kwanaki kumburi ya sauka, nauyi ya ragu da kilo biyu ko uku, hoton ƙirji ya washe. Duk da haka, sau da yawa hakin ba ya tafiya gaba ɗaya. Wannan ragowar ita ce ta daɗe tana damun masu binciken cutar: idan ruwa ya fita daga huhu, me ya bari a bayansa, kuma ana iya gane shi ta gwajin jini?

A shekarar 2004 wasu likitoci da masana na Asibitin Flinders da ke birnin Adelaide, a kudancin Ostireliya, suka buga amsarsu a mujallar Circulation. Maimakon su tsaya ga abin da zuciya take zubawa cikin jini idan ta wahala, kamar yadda aka saba, sai suka auna wani furotin da asalinsa na huhu ne, wanda ake kira SP-B, a jinin marasa lafiya 53 da suke zuwa ganin likita daga gida, suka kuma bi su har tsawon watanni 18. Likitan zuciya Carmine De Pasquale ne a gaba, tare da Andrew Bersten na sashen kula da marasa lafiyar da rai ke hannun Allah, da Ian Doyle wanda ya daɗe yana aikin auna waɗannan furotin a ɗakin gwaje-gwaje. Ba za a fahimci abin da suka gani ba sai an fara da wurin da abin yake faruwa.

A cikin huhun baligi akwai ƙananan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, waɗanda da za a buɗe su a shimfiɗa za su rufe fili mai murabba'in mita 50 zuwa 100. Kowace jaka tana lulluɓe da siraran jijiyoyin jini, kuma abin da ya raba iska da jini wani tantani ne mai hawa uku: ƙwayoyin bangon jijiya, sai shimfiɗar da suke zaune a kai, sai ƙwayoyin bangon jakar. A inda ya fi sirantaka, kaurinsa bai wuce maikuromita 0.2 zuwa 0.3 ba, wato silin gashin kai ya ninka shi kauri fiye da sau ɗari. Ana bukatar abu biyu daga gare shi waɗanda ba sa tafiya tare: ya zama siriri ƙwarai domin iskar oksijin ta ratsa shi cikin ƙiftawar ido, ya kuma zama mai ƙarfi domin ya jure matsin jinin da ke bi ta gefensa dare da rana.

A fuskar da ke kallon iska akwai wani siririn ruwa mai santsi da ake kira safaktan, wanda aikinsa shi ne hana jakunkunan mannewa duk lokacin da aka fitar da numfashi. Kurt von Neergaard ne ya fara nuna a 1929, a ƙasar Siwizalan, cewa jan da fuskar ruwa take yi yana da babban rabo a yadda huhu yake tsukewa, amma maganarsa ta kwanta shekaru ba a waiwaye ta ba. A 1955 Richard Pattle, a Ingila, ya lura cewa kumfar da ke fitowa daga huhun da ruwa ya cika ba ta fashewa da wuri kamar sauran kumfa, ya gane cewa akwai wani sinadari da yake riƙe da ita. Wannan kumfa ita ce dai wadda ake gani mai ruwan hoda a bakin mai gazawar zuciya idan ciwon ya yi tsanani. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead suka nuna cewa rashin wannan sinadari ne yake kashe jarirai bakwaini da sarƙewar numfashi, a 1980 kuma Tetsuro Fujiwara a Japan ya yi nasarar zuba wa irin waɗannan jarirai safaktan da aka samo daga huhun shanu. Kusan kashi 90 cikin ɗari na safaktan maiƙo ne, ragowar kashi 10 kuwa furotin ne iri huɗu, masu suna SP-A da SP-B da SP-C da SP-D.

SP-A da SP-D manya ne, kuma yawancin aikinsu tsaro ne, suna kama ƙwayoyin cuta da suka shigo da iska. SP-B da SP-C ƙanana ne, ba sa shiri da ruwa, suna zaune cikin maiƙon suna taimaka masa ya bazu. A cikinsu SP-B ne wanda babu rayuwa sai da shi: a 1993 Lawrence Nogee da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana jarirai cikakkun watanni da aka haifa ba su iya yin sa, kuma irin waɗannan jarirai ba sa rayuwa sai an yi musu dashen huhu. Wasu ƙwayoyi na musamman a bangon jakar iska, waɗanda ake kira nau'i na biyu, su ne suke ƙera shi. Suna fara fitar da dogon zare mai ƙulli 381 na amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, su yi ta datse shi daga kai da gindi mataki-mataki, har ya koma gajere mai ƙulli 79, wanda shi ne nunanne, shi ake turawa cikin jakar. Abu biyu suka sa masu binciken Adelaide suka zaɓe shi. Na farko, kusan huhu kaɗai ne yake yin sa, saboda haka idan aka gan shi da yawa a jini an san daga inda ya fito. Na biyu, ya fi SP-A ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka shi zai fara zurarewa ta ƙaramar kafa.

Batun kafar kuwa John West da Odile Mathieu-Costello ne suka fayyace shi a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a farkon shekarun 1990. Sun ɗaga matsin jini a siraran jijiyoyin huhun zomaye, suka duba tantanin da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai aiki da lantarki. A matsin da ya kai kimanin milimita 40 na ma'aunin zaiba sai suka ga tsage-tsage ƙarara a bangon jijiya da na jakar iska, kuma wasu sun fara bayyana tun daga milimita 24. A lafiyayyen mutum da yake hutawa matsin wurin bai cika wuce 10 ba. Misalin da West ya fi kawowa na dawakan sukuwa ne: a tsakiyar gudu matsin jijiyoyin huhun ingarma yana iya kusantar 100, shi ya sa kusan duk dokin tsere da aka duba bayan gudu ake samun alamar jini a huhunsa, wani ma har ta hanci yake zubowa. A gazawar zuciya, ɓangaren hagu na zuciya ba ya iya kwashe jinin da ke dawowa daga huhu yadda ya kamata, sai jinin ya yi cunkoso a baya, matsin ya hau zuwa 25 ko 30 ko fiye, ba na minti biyu ba kamar na doki, na watanni da shekaru. Daɗaɗɗen bayanin da ake koyarwa shi ne ruwa ne kawai yake tsatstsafowa ta lafiyayyen bango saboda matsi. Aikin West ya nuna cewa bangon kansa yana jin rauni, kuma kafar da ta bar furotin ɗin jini ya shiga jakar iska za ta iya barin furotin ɗin jakar ya shiga jini.

Mutanen Adelaide ba da ka suka faɗa wa gazawar zuciya ba. Tun a shekarun 1990 Doyle da Bersten sun nuna cewa SP-A da SP-B suna hauhawa a jinin masu mummunan raunin huhu da ke kwance a kan na'urar numfashi. A 2003 suka juya ga zuciya ta hanya biyu. A ɓeraye da aka jawo wa toshewar jijiyar zuciya har ta kai ga gazawa, sun ga furotin yana ƙetare tantanin ta fuska biyu, daga jini zuwa jaka da kuma daga jaka zuwa jini. A asibiti kuma suka bi mutum 28 da aka kawo ruwa ya cika musu huhu farat ɗaya saboda zuciya, suna ɗibar jininsu na tsawon makonni biyu. Marasa lafiyar sun samu sauƙi da wuri, kamar yadda aka saba idan magani ya kama, amma SP-A da SP-B ba su sauka tare da su ba. Furotin ɗin biyu suna sama tun ranar da aka kawo marasa lafiyar, suka ci gaba da hawa na wasu kwanaki bayan numfashi ya daidaita. Wannan ne ya kai su ga tambayar ko hakan yana faruwa a hankali, a ɓoye, ga masu ciwon da suke zaune a gida.

Tsarin binciken 2004 mai sauƙi ne. An ɗauki masu gazawar zuciya 53 da ke zuwa asibitin a kai a kai, da lafiyayyun mutane 19 domin kwatanci. A kowace ziyara likita yana duba maras lafiya kamar kullum, ya sanya shi a ɗaya daga cikin matakai huɗu na ma'aunin ƙungiyar likitocin zuciya ta New York, daga mataki na ɗaya inda aikin yau da kullum ba ya kawo haki zuwa na huɗu inda mutum yake haki yana zaune, ya kuma yanke shawarar ƙara maganin sa fitsari ko barinsa yadda yake bisa abin da idonsa da kunnensa suka gaya masa. A gefe guda ana ɗibar jini ana auna SP-B da kuma NT-proBNP. Wannan na biyun guntun wani sinadari ne da tsokar zuciya take fitarwa idan bangonta ya miƙe saboda matsi. Masana a Japan ne suka gano BNP, ɗaya guntun wannan sinadari, a 1988 a cikin ƙwaƙwalwar alade, kuma a lokacin da ake wannan bincike ya riga ya zama ma'aunin da kowane sabon gwaji sai ya gwada ƙwanji da shi. Jimillar ziyarar da aka tattara ta kai 210.

Sakamakon farko bai ba kowa mamaki ba: SP-B ya fi yawa a jinin marasa lafiyar fiye da na lafiyayyu, kuma yana ƙaruwa daga mataki zuwa mataki na tsananin ciwon, yana tafiya tare da NT-proBNP. Na biyu ya fi jan hankali. Waɗanda suka gamu da babbar matsalar zuciya a cikin watannin 18 sun kasance masu yawan sinadaran biyu, amma da aka haɗa su a lissafi ɗaya domin a ga wanne ne yake da nasa bayanin na kansa, SP-B ne ya tsaya a matsayin mai hasashen wanda za a kwantar a asibiti saboda gazawar zuciya.

Na uku shi ne, a ganina, zuciyar lamarin, kuma lambobi huɗu ne kacal. A ziyarar da likita ya ga ya kamata a ƙara maganin sa fitsari, an tarar SP-B ya riga ya ƙaru da kashi 39 cikin ɗari, NT-proBNP kuma da kashi 32. Wato a wajen hawa sun tafi kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya ga taɓarɓarewar da likita ya gani. A ziyara ta gaba, bayan magani ya yi aikinsa, NT-proBNP ya sauka da kashi 39, ya koma inda ya fito har ma ya ɗan zarce, amma SP-B da kashi 12 kawai ya sauka. Mai karatu da ke neman gwajin da zai nuna masa nan take ko magani ya yi aiki zai ce wannan rauni ne, gwajin yana da nawa. Amma idan aka ajiye shi kusa da abin da aka gani a masu cikar huhu 28, bayanin da ya fi zama shi ne sinadaran biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. NT-proBNP yana ba da labarin nauyin da ke kan zuciya a yau, don haka da an sauke nauyin sai ya yi shiru. SP-B yana ba da labarin bangon da nauyin ya tsaga, shi kuwa bango ba ya ɗinkewa a ranar da ambaliya ta janye. Wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa bayan damina mai ƙarfi ya san cewa ruwa yana iya janyewa cikin kwana biyu, amma jiƙar da ta ci gindin katanga tana nan tana aiki har cikin kaka.

Akwai hujjoji daga wani ɓangare dabam da suka ƙarfafa wannan fahimta, kuma sun girmi gwajin SP-B. Tun da daɗewa masu binciken gawa sun san huhun wanda ya daɗe da cunkoson jini: yana yin tauri da launin ƙasa-ƙasa, tantaninsa ya yi kauri da tabo, kuma a cikin jakunkunan ana samun ƙwayoyin share datti cike da ƙarfen jajayen ƙwayoyin jinin da suka tsallako, har ana yi musu laƙabi da ƙwayoyin gazawar zuciya. Kaurin nan yana da amfaninsa, domin yana rage tsatstsafowar ruwa, shi ya sa mai tsohon ciwo yake jure matsin da zai cika huhun sabon kamu. Farashinsa shi ne iska ba ta ratsawa da sauƙi. Ana auna wannan da wani gwaji da Marie Krogh ta ƙasar Denmak ta assasa a 1915. Ana zaunar da mutum, a matse masa hanci da ɗan maƙali, ya kama bakin bututu da leɓɓansa, ya fitar da duk iskar da ke ƙirjinsa, sannan ya zuƙi wata iska mai ɗauke da ɗigon kabon monoksaid, kimanin kashi 0.3 cikin ɗari, ya cika huhu da sauri, ya riƙe na daƙiƙa 10, ya fitar. Abin da ya ɓace daga iskar shi ne abin da ya ratsa tantani ya shiga jini. A masu gazawar zuciya wannan ma'auni yana raguwa, kuma a shekarar 2000 Piergiuseppe Agostoni da abokan aikinsa a Milan sun nuna cewa ko da an tace lita-lita na ruwa daga jikinsu da na'ura, numfashi ya yi sauƙi, ma'aunin ratsawar ba ya gyaruwa. Haka nan ba ya komawa daidai ko bayan an yi dashen sabuwar zuciya.

Wannan ƙungiya ta Milan, a Cibiyar Zuciya ta Monzino, ita ta ɗauki aikin daga inda Adelaide ta tsaya, domin akwai giɓi a binciken 2004: an ɗauka cewa SP-B yana nuna raunin tantani, amma ba a auna aikin tantanin kai tsaye ba. A 2009 Damiano Magrì da Agostoni da Cristina Banfi da sauransu suka haɗa gwajin jini da gwajin ratsawar iska da kuma gwajin motsa jiki, inda mutum yake murza keke da abin rufe fuska har ƙarfinsa ya ƙare ana auna iskar da yake sha da wadda yake fitarwa. Sun samu cewa duk inda SP-B ya yi sama, ratsawar iska ta yi ƙasa, iyakar oksijin da jiki yake iya sha ta ragu, kuma mutum yana ɓarnar numfashi mai yawa kafin ya fitar da kabon dayoksaid kaɗan. Wani ɗan bayani da ke cikin rahoton ya cancanci a tsaya a kansa: sun fara da marasa lafiya 80 da lafiyayyu 20, amma 71 da 19 ne kawai suka iya yin gwaje-gwajen yadda ake bukata. A cibiyar ƙwararru ke nan, kuma da marasa lafiyar da ciwonsu ya lafa. Riƙe numfashi na daƙiƙa 10 ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda yake haki yana zaune, kuma wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta neman gwajin jini, tunda shi allura ɗaya ce a hannu, ba ya bukatar ƙoƙarin maras lafiya.

A 2014, a mujallar PLoS One, Paola Gargiulo da wannan ƙungiya suka faɗaɗa tambayar zuwa sauran 'yan gidan, da marasa lafiya 89 da lafiyayyu 17. Sun auna SP-A da SP-D, suka kuma raba SP-B gida biyu: nunanne, da ɗanye, wato dogon zaren da guntayensa da ba a gama datsewa ba. Wanda ya fi kowa bin tsananin ciwo da raguwar ratsawar iska shi ne ɗanyen SP-B, nunannen kuwa bai yi wani abin a zo a gani ba. Wannan ya sauya yadda ake kallon al'amarin. Ɗanyen furotin wurinsa cikin ƙwayar da ke ƙera shi ne, bai kamata a same shi a waje da yawa ba. Idan mutum ya ga ɗinkakkun riguna a kan titi, zai ce ƙofar shagon tela ce aka bari a buɗe; idan kuwa yankakkun yadudduka ya gani waɗanda ba a haɗa ba, to matsalar ta kai ga teburin telan. Ta yiwu abin da jini yake nunawa ya wuce yoyon bango kaɗai, ya haɗa da wahalar da ƙwayoyin nau'i na biyu suke sha, kuma waɗannan ƙwayoyi su ne dai masu kwashe gishiri da ruwa daga cikin jakar iska, su ne kuma masu maye gurbin ƙwayoyin bango idan sun mutu.

Ayyukan da suka biyo baya daga Milan sun nuna cewa yawan ɗanyen SP-B yana tafiya da mummunar makoma, sannan a 2019 Banfi da abokan aikinta suka ba da rahoton cewa a cikin jini yana maƙale wa HDL, nau'in maiƙon jinin da ake yaba wa da kare jijiyoyi, yana rage masa wannan ƙarfin kariya. Idan hakan ta tabbata a manyan bincike, furotin ɗin ya tashi daga mai ba da labari ya zama mai hannu a ɓarnar.

Sai dai bayan shekara 20 da ɗoriya, babu SP-B a cikin gwaje-gwajen da jagororin likitocin zuciya na Turai na 2021 da na Amurka na 2022 suka umarci a yi, alhali BNP da NT-proBNP suna nan da lambobinsu sanannu da likita yake yanke hukunci da su, kamar 125 ga wanda ya zo daga gida da 300 ga wanda aka kawo cikin gaggawa a ma'aunin NT-proBNP. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mutum 53, ko 71, ko 89, daga asibiti guda, adadi ne da ya isa a kafa tunani amma bai isa a kafa doka ba, musamman maganar cewa SP-B ya fi NT-proBNP hasashen kwanciya asibiti, wadda ta dogara a kan 'yan mutanen da aka kwantar a cikin ƙaramin rukuni. Sannan hanyar aunawa ba ɗaya ba ce. A Milan sun daɗe suna amfani da hanyar da ake raba furotin bisa nauyinsa a kan wani faifai mai kamar kamu, a manna shi a takarda ta musamman, a auna duhun layin da ya fito. Aiki ne na hannu mai cin yini, kuma sakamakonsa kwatanci ne tsakanin samfur da samfur, ba lambar da wani asibiti zai ɗauka ya yi aiki da ita ba. Gwajin da bai bambance ɗanye da nunanne ba kuma yana iya ba da wata amsa dabam daga jini ɗaya.

Babbar matsalar ita ce furotin ɗin yana faɗin cewa huhu ya ji rauni, amma ba ya faɗin wanda ya ji masa. Shan taba yana ɗaga shi a jinin mutanen da ba su da wata alamar ciwo. Ana binciken ɗanyen SP-B a matsayin alamar sankarar huhu. A Japan an daɗe ana amfani da SP-A da SP-D a asibitoci wajen bin cututtukan da ke sa huhu tabo. Ga mai gazawar zuciya da ya sha taba shekara talatin, lamba mai yawa tana iya zama ta zuciya, ko ta taba, ko ta duka biyun. Wannan tambaya za ta fi nauyi a wuraren da tarin fuka da hayaƙin itacen girki suka zama ruwan dare, kamar ƙasar Hausa, inda kuma gazawar zuciya take kama mata matasa bayan haihuwa fiye da yadda aka saba gani a Turai, abin da likitoci suka fara bayyanawa dalla-dalla a Zariya tun shekarun 1970. Lambar da aka samo daga tsofaffin Adelaide da Milan ba za a ɗora ta a kan mai jego da ta girma a gaban murhu ba sai an auna irin nata mutanen. Gaskiya ne BNP ma yana da nasa masu ruɗa shi, tunda ƙiba tana rage shi, tsufa da ciwon ƙoda suna ƙara shi, amma an yi shekaru ana nazarinsu a kan dubban mutane har likita ya san yadda zai yi musu ragi.

Tambayar da ta rage ita ce wadda kowane sabon gwaji yake tsayawa a gabanta: idan lambar ta fito da yawa, me likita zai yi wanda da ba zai yi ba? A nan akwai 'yar kafa da ba a rufe ba, domin an san magungunan zuciya ba daidai suke da tantanin huhu ba. A 1997 Marco Guazzi da abokan aikinsa sun nuna cewa enalapril yana gyara ratsawar iska a masu gazawar zuciya, kuma asfirin yana rage wannan amfani. Ƙungiyar Agostoni ta nuna cewa carvedilol, wanda yake toshe har da masu karɓar saƙon da ƙwayoyin jakar iska suke amfani da su wajen kwashe ruwa, yana rage ratsawar iska idan aka kwatanta da bisoprolol, wanda ya fi tsayawa a kan zuciya. Saboda haka ana iya hango ranar da likita zai dubi yawan ɗanyen SP-B ya zaɓi wannan magani ya bar wancan, ko ya matso da ranar dawowar maras lafiyar da NT-proBNP ɗinsa ya sauka amma na huhunsa yana nan sama. Kafin a kai nan sai an samu gwaji guda da kowane ɗakin gwaje-gwaje zai iya yi da na'ura cikin awa ɗaya, sannan a raba marasa lafiya masu yawa gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a yi wa rabi magani bisa lambar, a bar rabi a kan tsarin da aka saba, a ƙirga waɗanda aka kwantar da waɗanda suka rasu a kowane ɓangare.